Wa Ke Riƙe da Akala?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Agadas, ta ratsa Bakin Birji da Sabon Kafi da Tanut, ya san irin taron da ke tarayya a kanta. Akwai tankokin mai da ke fitowa daga matatar SORAZ tun da aka buɗe ta a 2011, akwai manyan motocin kaya waɗanda lodinsu ya fi su tsawo, ga motocin fasinja, ga babura, ga amalanken jaki, ga garken shanu da ke tsallakawa daga wannan burtali zuwa wancan, ga kuma raƙumin da ya ga dama ya tsaya tsakiyar kwalta yana tuƙa abinsa. A cikin wannan taro ne wata baƙuwa ta fara shigowa a ƴan shekarun nan, wato motar da dillalai ke cewa tana gani. Tana kuka idan ta kusanci wani abu, tana kama birki ba tare da an taka ba, wata ma takan murɗa sitiyari ta mayar da kanta cikin layinta. Ba su da yawa tukuna a Damargu, amma mun san yadda kayan Turai ke iso mu: abin da yake sabo a can yau, shi ne gwanjonmu nan da shekara goma. Tun watan Yuli na 2024 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa kowace sabuwar mota birkin gaggawa mai kama kansa, da na'urar tsare layi, da mai faɗakar da direba idan gyangyaɗi ya kama shi. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da muhalli kuwa ta ƙirga cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo.

Tambayar da nake son mu tattauna da mai karatu ita ce: da wane ma'auni za mu ce wannan na'ura amintacciya ce? Na zaɓi kalmar da gangan. Aminci a Hausa yana ɗauke da kaya biyu. Idan aka ce hanya tana da aminci, ana nufin mai bin ta zai tsira da ransa da dukiyarsa. Idan aka ce mutum amintacce ne, ana nufin ya cancanci a ba shi amana, a juya baya, a yi barci. Masu ƙera motoci suna kawo hujja a kan ma'ana ta farko, amma tallarsu tana roƙon ta biyu, kuma a tsakanin waɗannan biyun ne mutane suka mutu.

Bari mu fara da sanin abin da ake magana a kansa. Idon motar kamara ce da ke manne a gilashin gaba, bayan madubi, sau da yawa tare da radar da aka ɓoye a hancin motar. Abin da suka ɗauko yana zuwa ga wata ƙaramar kwamfuta, wadda aka nuna mata hotuna masu ɗimbin yawa har ta koyi cewa wannan siffa mota ce, wannan mutum ne, wannan farin zane ne na gefen hanya. A 2014 ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta kasa wannan fasaha matakai 6, daga 0 zuwa 5. A mataki na 5 ne mota za ta tuƙa kanta ko'ina ba da hannun kowa ba, kuma babu wanda ke sayar da irinta. Kusan duk abin da ke kasuwa yana mataki na 1 ko na 2, inda ƙa'ida ta ce direba ne mai kallon hanya a kowace daƙiƙa, na'ura taimako kawai take yi. Ko da Jamus ta ba Mercedes izinin mataki na 3 a ƙarshen 2021, sai ta ɗaure shi da sharuɗɗa: babbar hanya, cunkoson motoci, gudun da bai wuce kilomita 60 a awa ba.

Ma'auni na farko da ke zuwa a zuciya shi ne ƙidaya, kuma ba daidai ba ne a raina shi. Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta gwama motoci iri ɗaya, masu birkin gaggawa da marasa shi, ta samu cewa karon da mota ke yi wa ta gabanta ta baya ya ragu da kusan rabi. Na'urar da ke hana mota sulɓewa a kwana, wadda ta girme su duka, ta rage haɗarin mutuwa a motar da ta yi haɗari ita kaɗai da kusan rabi ita ma. Waɗannan rayuka ne na gaske, na mutanen da suka koma gida suka ci tuwo ba su ma san an cece su ba. Mu da ke nahiyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana da kusan kashi 3 cikin ɗari na motocin duniya amma tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutum miliyan 1.19 da hanya ke ci kowace shekara, ba mu da bakin da za mu yi wa irin wannan taimako tsaki.

Sai dai ƙidaya tana da gida, kuma ba ta cika yin ƙaura da gaskiyarta ba. Ita dai wannan cibiya, a 2022, ta duba birkin da ke gane masu tafiya a ƙasa, ta ga ya rage kaɗe mutane da kashi 27 cikin ɗari. Amma da ta ware haɗurran da suka faru da dare a hanyar da babu fitilun titi, sai ta tarar babu bambanci tsakanin mai na'ura da marar ita. To, ina fitilun titi tsakanin Tanut da Aderbisanat? Bayan wannan, mutuwa a hanya, duk da yawanta, abu ne da ke da wuyar aukuwa idan aka raba ta da tsawon tafiyar da motoci ke yi, saboda haka shaidar aminci tana bukatar dogon zamani. Cibiyar RAND ta lissafa a 2016 cewa kafin a tabbatar mota mai tuƙa kanta ta kai direban Amurka kiyaye rai, sai ta yi tafiyar mil miliyan 275 ba ta kashe kowa ba, wato kamar ta yi Damagaram zuwa Agadas kusan sau miliyan ɗaya. Magabatanmu sun riga RAND faɗin wannan, da harshensu mai kaifi, da suka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Sannan a duba wanda ya yi ƙidayar. Kamfanin Tesla ya daɗe yana buga alƙaluman da ke nuna motocinsa, idan an kunna Autopilot, sun fi sauran motocin ƙasar nisan tafiya kafin haɗari. Masu bincike sun amsa masa cewa akasari a kan manyan hanyoyi ake kunna na'urar, inda dama haɗari ya fi ƙaranci, kuma motocin sababbi ne, alhali ana gwama su da kowace irin mota a kowace irin hanya. Ɗalibin da ya shirya wa kansa jarrabawa, ya gyara takardarsa da hannunsa, ba ma sa makinsa a kundin makaranta.

Yanzu mu dawo gida mu dubi abin da wannan ido zai gani. Na'urar tsare layi tana bin fentin da aka shafa a kwalta. Inda fenti ya goge, ko iskar hunturu ta share rairayi ta rufe rabin hanya, makauniya ce. Hazon Janairu, wanda kan sa direba kunna fitila da rana tsaka, yana dushe kamara kamar yadda yake dushe idon mutum, ƙura kuma tana toshe ta. Idan aka sauka daga kwalta aka kama hanyoyin ƙasa da ke shiga Belbeji ko Gangara ko Tenhiya, lissafin ya sake gaba ɗaya: birkin ABS, wanda ke hana taya ƙamewa a kan kwalta, yana ƙara tsawon tsayawa a kan rairayi da tsakuwa, kuma duk direban da ya san daji ya san dole ya kashe na'urar hana sulɓi kafin ya shiga yashi mai zurfi, in ba haka ba ta rage masa wuta a daidai lokacin da yake bukatarta. Ga kuma batun dabbobi. A 2017 kamfanin Volvo ya bayyana cewa na'urarsa mai gane manyan dabbobi, wadda ta ƙware a kan namun dajin arewacin Turai, ta rikice a Ostareliya da ta gamu da kangaru, domin dabbar tana tsalle, na'urar kuwa da ƙasa take auna nisa: idan tana sama sai ta zaci ta yi nisa, idan ta dira sai ta ga ta matso. Kamfanin ya aika mutane sun yi nazarin kangaru saboda Ostareliya kasuwa ce mai sayen sababbin motoci. Wa zai aiko a yi nazarin raƙumin da ya durƙusa a gefen hanya, ko amalanken da aka yi wa lodin kara har ya ɓoye jakin da ke jan sa? Mu da ke sayen motar a hannu na uku, ba mu cikin lissafin wanda ya koyar da ita.

Akwai kuma abin da ke faruwa a gareji, wanda ba ya shiga kowace ƙidaya. Tsakuwa ta fasa gilashin gaba, an sa wani. Ƙa'ida ta ce sai an sake daidaita kamarar da kayan aiki na musamman, domin karkata kaɗan a gilashi takan zama kuskure babba a nisan mita ɗari. An daki hancin mota, an buga an miƙe an yi fenti, radar kuwa ta koma kallon gefe. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba tana damun sa, sai a nemi mai hikimar da zai kashe ta. Ba na zargin makanikanmu, waɗanda ke raya motocin da masu ƙera su suka daɗe da yi musu jana'iza. Kayan aikin ne babu, littafin kuma ba da harshensu aka rubuta shi ba. Amma sakamakon shi ne mota mai ɗauke da sunan gani, direba ya saki jiki da sunan, idon kuwa ya daɗe da tsiyayewa.

Duk wannan, a ganina, shi ne ɓangare mai sauƙi na matsalar, domin kuɗi da lokaci suna iya gyara shi. Mai wuyar shi ne abin da mataimaki ke yi wa wanda yake taimako. A 1948 wani masani ɗan Ingila, Norman Mackworth, wanda aka sa ya binciki dalilin da masu kallon radar na soja ke kuskure abin da ke gabansu, ya nuna cewa mutumin da aka zaunar yana jiran abin da ba ya cika faruwa ba, hankalinsa yakan fara zubewa bayan rabin awa kacal. A 1983 Lisanne Bainbridge, masaniyar halayyar ɗan Adam a wurin aiki, ta fito da abin mamakin da ke cikin sarrafa aiki da na'ura: injiniya yana ba na'ura duk abin da ke da sauƙi, ya bar wa mutum abin da ya gagare ta, sannan ya hana mutumin yin aikin yau da kullum da zai sa hannunsa ya zauna da ƙwarewa. Wato an ɗauke masa aikin da ke hana shi barci, an bar masa aikin da ke bukatar ya kasance a farke. Mu malamai mun san wannan a ɗakin jarrabawa. Mai tsaron da ke zagayawa tsakanin tebura yana gani. Wanda ya zauna a kujera a gaban ajin da ya yi tsit, bayan awa ɗaya idonsa a buɗe yake amma shi yana kasuwar Tanut.

Abin da ya faru a Florida a watan Mayu na 2016 ke nan. Wani mutum yana cikin Tesla, Autopilot a kunne, yana gudun kusan kilomita 120 a awa, sai wata tirela ta gilma a gabansa. Na'urar ba ta bambance farin jikin tirelar da hasken sama ba, shi kuma bai taka birki ba. Masu bincike sun gano cewa cikin minti 37 da na'urar ta yi tana tuƙi, daƙiƙa 25 kawai ta ji hannunsa a sitiyari. Ba mahaukaci ba ne. Mutum ne da na'urar ta yi masa daidai sau ɗari, sai ya ba ta amana a na ɗari da ɗaya. Masu karatunmu da ke bin labaran Faransa za su tuna da jirgin Air France da ya tashi daga Rio zuwa Paris a 2009: ƙanƙara ta toshe ma'aunin gudu, na'urar tuƙi ta saki jirgin ta miƙa wa matuƙa cikin dare, a tsakiyar hadari, suka kasa gane halin da suke ciki, mutum 228 suka halaka a teku. Waɗannan ƙwararru ne masu horo. Direban da ke gudun kilomita 100 a awa yana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan na'ura ta ce masa “karɓi abinka”, daƙiƙa biyun da zai yi yana dawo da hankalinsa daga inda ya tafi sun isa ya ratsa garke guda.

Akwai ma wani hali da ya fi wannan ɓoyuwa. A shekarun 1980 an bi wasu motocin tasi a birnin Munich na Jamus, wasu da birkin ABS wasu babu, sai aka ga masu sabon birkin ba su fi sauran ƙarancin haɗari ba, domin direbobinsu sun ƙara gudu, sun ƙara matsar na gabansu. Ɗan Adam yakan ɗauki amincin da aka ba shi kyauta ya sayar da shi ya sayi sauri. Ba kullum yake sayar da duka ba, in ba haka ba da bel ɗin da Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa Volvo a 1959 bai ceci kowa ba. Amma duk ma'aunin da ya auna na'ura ita kaɗai, bai auna mutumin da za ta mayar da direba ba, ya auna rabin kaya ne.

Damargu ta san wani abu game da ba jagora amana. Ƙarni bayan ƙarni ayarin Abzinawa yana saukowa nan ɗaukar gero, ya koma, ya keta Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri da dabino. A irin wannan tafiya ɗaruruwan mutane da dubban raƙuma suna bin sanin mutum ɗaya. Me ya sa suke yarda da madugu? An san ubansa, an san sau nawa ya je ya dawo. Idan ya yi shakka a kan hanya ana gani a fuskarsa, yakan tsaya ya shawarci dattawa. Abu mafi girma kuma, idan ya ɓata rijiya, ƙishirwar da za ta kashe ayari da shi za ta fara. Na'urar mota ba ta da ko ɗaya daga cikin ukun. Tarihinta yana hannun wanda ke sayar da ita. Shakkarta ba ta da fuska, tana tafiya da natsuwa ɗaya ko ta gane abin da ke gabanta ko ba ta gane ba. Injiniyan da ya tsara ta kuma yana kwance a gidansa a wata nahiya lokacin da motar ke kifewa. Ko yaron mota, wanda ke leƙa baya yana cewa “zo, zo, tsaya”, ya fi ta wannan daraja, don in motar ta gangara shi ke riƙe da weji a ƙarƙashinta.

Daga nan ne tambayar ta zama ta alhaki. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan da ya rasu a 996, wanda har yau ake karantawa a zaurukanmu, ya yi hukunci a kan dabbar da ta taka mutum ko dukiya: wanda ke kora ta, da wanda ke jan ta, da wanda ke bisanta, su ke da lamuni. Hikimar hukuncin a fili take. Dabba tana da nata motsi, amma ba a kai ta gaban alƙali. Ana neman hannun da ke da iko a kanta a lokacin. A raƙumi amsar tana da sauƙi, domin akala ɗaya ce kuma ana ganin wanda ke riƙe da ita. A motar mataki na 2 akala biyu ce. Ɗaya tana hannun direba, ɗaya tana hannun wanda ya rubuta umarnin da ke cikin kwamfuta, ya yanke abin da za ta ɗauka mutum ne da abin da za ta ɗauka inuwa ce. Na biyun shi ne mai kora da ba a gani.

A dubi yadda aka raba laifi a Tempe, a jihar Arizona, a watan Maris na 2018. Motar gwaji ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata da ke tura kekenta tana tsallaka hanya da dare, ta kashe ta. Bincike ya nuna na'urar ta hango ta daƙiƙa 5.6 kafin karo, amma ta yi ta sauya ra'ayi, yanzu mota ce, yanzu abin da ba a sani ba ne, yanzu keke ne. Ba a koya mata cewa mutum yana iya tsallakawa a inda babu zanen tsallakawa ba, kuma kamfanin ya kashe birkin gaggawa na asali da motar ta zo da shi. Ma'aikaciyar da aka zaunar a bayan sitiyari don ta sa ido kuwa, idonta yana ƙasa a kan waya. A 2019 masu gabatar da ƙara suka ce kamfanin ba shi da laifin da za a gurfanar da shi. Ma'aikaciyar ce aka kai kotu, ta amsa laifi a 2023. Ba na wanke ta. Amma an ɗora ta a kan aikin da Mackworth ya nuna tun 1948 cewa ɗan Adam ba ya iya shi, sannan da abin ya ɓaci aka ce ai ke ce direba. Sai a watan Agusta na 2025 wata kotu a Miami ta kama ɗaya akalar: a shari'ar wani haɗari na 2019, inda direban Tesla ya sunkuya neman wayarsa motar ta kashe wata budurwa da ke tsaye a gefen hanya, masu taya alƙali hukunci suka ɗora wa kamfanin kashi ɗaya cikin uku na laifin, tare da diyya da tara ta fiye da dalar Amurka miliyan 240. Kamfanin bai yarda da hukuncin ba. Ko ma dai yaya ta ƙare, iyalin wancan sun sami kotun da za ta saurare su. Idan irin wannan ta faru a mararrabar Sabon Kafi, jandarma zai auna sawun taya, ya rubuta sunan direba, jama'a su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a yi addu'a a watse. Ba wanda zai buɗe kwamfutar ya tambaye ta abin da ta gani. Alhali addinin da muke jingina da shi a irin wannan rana shi ne ya koya mana a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali.

A lura da waɗanda suka mutu a Tempe da kuma a shari'ar Miami: dukansu ba a cikin motar suke ba. Wannan ya kai ni ga abin da nake ganin shi ne ma'auni mafi adalci. Mai mota ya zaɓi na'urarsa, ya biya kuɗinta, yana da bel da jakar iska da ƙarfen da ya kewaye shi. Tsohuwar da ke dawowa daga kasuwa a kan jaki bayan magariba ba ta zaɓi kome ba, ba a shawarce ta ba, kuma ita ce siffar da na'urar ta fi ƙarancin sani. A jami'o'in Turai an ɓata tawada mai yawa a kan tambayar wa mota za ta zaɓa ta kashe idan dole ne, tsoho ko yaro, mutum ɗaya ko biyar. Wannan wasan ƙwaƙwalwa ne na aji. Motar Tempe ba ta zaɓi kowa ba, ba ta ma gane cewa mutum ne a gabanta ba. Tambayar da ta shafe mu ita ce ko fasahar ta rage haɗarin wanda ba shi da kariya, ko kuwa ta kwashe haɗarin daga kan mai kuɗi ta zuba a kansa ta hanyar ba direba damar sakin hankali.

Wani zai ce: malam, kana auna na'ura da mala'ika, alhali da direbanmu ya kamata ka auna ta, wanda ya taso daga Agadas bai yi barci ba, yana taunar goro yana kurɓar shayi don idonsa ya tsaya, wani ma da ƙwaya a cikinsa. Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce ta hana ni cewa a kore su duka. Hukuncina shi ne a raba su gida biyu. Akwai na'urorin da ke yin shiru har sai mutum ya kasa, sannan su sa hannu a daƙiƙar ƙarshe, irin birkin gaggawa da mai hana sulɓi da mai tada mai gyangyaɗi. Waɗannan ba sa karɓar aikin direba, saboda haka ba sa koya masa lalaci sosai. Idan sun gani an ci riba, idan ba su gani ba an koma inda ake da. Akwai kuma waɗanda ke karɓar sitiyari da totur na tsawon tafiya, su ce wa mutum ya zauna ya yi gadi. Su ne suka sa aka tilasta wa Tesla gyara motoci fiye da miliyan 2 a Amurka a watan Disamba na 2023, saboda ba sa tabbatar da cewa direba yana kallo. A kan hanyar da aka yi domin su ma sai da aka yi haka. A kan tamu, ban ga hujjar kunna su ba. Kuma idan ana maganar inda dala za ta fi ceton rai a Damargu, ɗan kyalle mai ƙyalli a bayan kowane amalanke da hular kwano a kan kowane ɗan kabu-kabu sun riga kowace kamara.

Saura abin da ya rataya a wuyanmu, mu malaman harshe da ƙungiyoyin raya al'adu, wato suna. Kalma tana tuƙa mutum kafin mota ta tuƙa shi. Wanda aka ce masa na'urarsa Autopilot ce ya riga ya ji an ce ya huta, kome aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙasa. Hukumomin Sin sun gane haka: a watan Afrilu na 2025, bayan wata motar Xiaomi ta yi haɗari a lardin Anhui mutum 3 suka mutu, ma'aikatar masana'antu ta hana kamfanoni tallar irin waɗannan na'urori da sunan tuƙi mai cin gashin kansa. A Hausa sunan bai zauna ba tukuna, kuma wanda ya riga bakin jama'a shi zai zauna. A tasha na ji ana cewa “mai tuƙa kanta”, na ji “mai ido”. Dukansu sun yi wa na'urar kyautar abin da ba ta da shi. Ni da za a bi tawa, da an kira ta “ƴar tuni”, domin iyakar aikinta ke nan, ta tuna wa mai aiki aikinsa. Wanda ke da wadda ta fi wannan daɗin faɗi, shafukan nan a buɗe suke.

Kowace irin wannan mota tana zuwa da littafi a aljihun gaba, kuma a cikinsa akwai shafukan da kamfanin da kansa ya jera inda na'urarsa ba ta aiki: rana mai kashe ido, ƙura, hazo, layin da ya goge, dabba, abin hawa mai siffar da ba a saba ba, gilashin da aka sauya. Lauyoyi ne suka sa a rubuta su don kare kamfani, amma su ne shafuka mafi gaskiya a littafin, kuma wanda ya karanta su zai ga kamar hanyar Tanut aka siffanta. Littafin yakan iso mu da Jamusanci ko Japananci ko Larabcin Dubai, in ma bai ɓace a tashar jirgin ruwa ba. Shafukan ba su da yawa. Malamin Faransanci ɗaya da na Hausa ɗaya da mai jin Tamajak, tare da wani tsohon direba da zai gyara musu kalmomin sana'a, za su iya juya su cikin hutun zango guda, a kai wa makarantun koyon tuƙi da ƙungiyar direbobi a tasha, a karanta a rediyon gari ranar kasuwa.